Ranar da kyamarar gidana ta kawo mini ƙarar kaina

Bara, sati biyu kafin babbar salla, aka shiga gidan maƙwabcinmu a nan Maradi da tsakar rana aka fita da rago. Ba wanda ya ji ko motsi. Nawa ragon yana ɗaure a tsakar gida, moton da nake zuwa lakwal da shi yana kwana a zaure, ga shi ban ko gama biyan bashinsa ba. Da albashi ya shigo sai na nufi babbar kasuwa na sayo kyamarar tsaro, irin mai layin waya a ciki da ɗan faifan hasken rana saboda ɗaukewar wuta. Jaka talatin da biyar na biya. Aka kafa ta saman ƙofar zaure tana kallon tsakar gida, aka haɗa ta da wayata: da wani abu ya motsa, sai wayar ta yi ƙara.

Abin da mai kanti bai faɗa mini ba shi ne, ita kyamara ba ta san ɓarawo ba. Hoton yanzu take kwatantawa da na ɗazu, in ta ga bambanci sai ta aiko saƙo. Kaza ta gitta, saƙo. Iska ta kaɗa dogon yaro inuwa ta motsa, saƙo. Da dare ƙwari su taru gaban ƴan fitilunta na gani cikin duhu, saƙo. Wata rana na ƙirga, sun haura 70. Har ni kaina ban tsira ba. Ina tsugune ina alwalar magariba sai in ji waya na sanar da ni wai an ga mutum a gidana. In duba, ga ni nan da buta a hannu.

Ajin CM2 nake riƙewa. Wata safiya ina tsakiyar dikte wayar ta girgiza cikin aljihu. Na katse jimla, yara sama da 60 suka ɗaga alƙalami suna jira, ni kuwa ina leƙen tsakar gidana. Uwargida ce take shanya. Da yamma cikin raha na ce mata na ga yau an sha wanki. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Malam, ɓarawo ka sa wa ido, ko mu?” Na rasa amsa. Sai a lokacin na lura kwana biyu ba ta zama tsakar gida ba kallabi, ƴata babba kuma ta daina tsalle-tsallen da take yi in ta dawo makaranta.

Haushi ya sa na shiga wayar na kashe ƙarar sanarwar gaba ɗaya, na ce na huta. Cikin watan Agusta, ana hutun makaranta, muka kwashe duka gidan muka tafi suna Tibiri. Mun dawo bayan la'asar, babu tukunyar gas, babu batirin da muke kunna fanka da shi. Na buɗe waya, ga saƙo huɗu sun shigo shiru tun ƙarfe 2 da minti 40. Ga hoton mutum ya diro ta katanga, fuska naɗe da rawani. Da na ji a kan lokaci, kira ɗaya zan yi wa maƙwabci. Kyamara ta yi aikinta, ni ne na toshe kunne.

Daren nan na tuna wani abu da aka nanata mana a makarantar horar da malamai ta Bawa Jangwarzo, shekara fiye da 20 ke nan. Malamin da ke bugun tebur kan kowane ɗan raɗa, kafin wata biyu yara sun daina jin bugun, ran da abu na gaske ya faru kuwa ba shi da sauran abin da zai jawo hankalinsu da shi. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Kunne ma haka yake. Ni da nake yi wa sababbin malamai wannan gargaɗi, ga shi na'ura ta yi mini bugun tebur har na daina ji.

Wani tsohon ɗalibina mai gyaran waya ne ya warware mini. Ya ce, “Mushe, abu biyu ka haɗa. Ɗaukar hoto daban, sanarwa daban.” Kyamara tana iya ci gaba da adana hoto a katinta dare da rana ba tare da ta dame ka ba. Ya rage mata saurin jin motsi, ya saita ta ta sanar kawai in ta ga siffar mutum. Ya zana mata iyaka a kan hoton, ta kula da ƙofa da saman katanga, ta bar bishiya. Sannan ya sa mata lokaci: daga ƙarfe 11 na dare zuwa kiran asuba tana da izinin tashe ni, sauran lokaci ta yi shiru, sai fa in mun danna mata cewa gida ba kowa.

Ya nuna mini wata dabara kuma, wadda ke bin inda wayar mai gida take: ka fita unguwa sanarwa ta kunnu da kanta, ka dawo ta mutu. Na ƙi ta. Wannan ta dace da mai zaman kansa shi kaɗai. A gidana in na tafi lakwal akwai mutum biyar da na bari, kuma su ma masu gida ne. Da na yarda, da kullum ina aji ana kawo mini rahoton iyalina kamar baƙi. Sai muka sa manhajar a wayar uwargida ita ma. Wanda ya fita ƙarshe shi ke kunnawa, kamar yadda shi ke sa kwaɗo. Kyamarar kuma muka juya ta, yanzu ƙofa da katanga take kallo, tsakar gida ya koma na masu shi.

Na rubuta wannan ne don na ga abokan aiki da iyayen yara da yawa sun fara sayen irinta, wasu ma da niyyar ganin abin da yara ke yi in ba sa nan. Ban ce kada a saya ba. Amma kafin a kafa, a zauna da mutanen gida a yanke inda za ta kalla da lokacin da za ta yi magana. Yaron da ya san ana leƙensa ta waya, inda idon na'ura bai kai ba yake fara koya, ba ladabi ba.

Yanzu wayata tana kwana cikin jaka har a tashi aji. Cikin wata uku sau biyu ta tashe ni da dare: sau ɗaya ƙanena ne ya iso daga Damagaram a makare, sau ɗaya kuma wani ne ya tsaya jikin ƙofa, da na kunna fitila ya yi gaba. Duka biyun na ji, na kuma tashi. Allah ya tsare mana gidajenmu.