Daɓen tsakar gidan Hajiya

Shekara uku ke nan da na sa aka zuba kankare a tsakar gidan mahaifiyata, ana tsakiyar hunturu. Na sallami birkila, na koma bakin aikina. Kafin mako ya zagayo daɓen ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Hajiya ba ta ce uffan ba, sai dai na ga tana laluben tsagar da sandarta kafin ta taka.

Na ɗauka siminti bushewa yake yi. Ashe ruwa yake sha a hankali yana ƙulla ƙarfi, shi ya sa injiniyoyi ke auna ƙarfinsa a kwana na 28. Namu kuwa iska ta kwashe danshinsa tun ranar farko, ga shi an tsinka kwaɓin don sauƙin shafe, abin da ke raunana shi.

Da muka sake, sai muka auna kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Muka yanka layi duk mita uku, don in zai tsage ya bi nan. Muka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, ana ban ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Yanzu Hajiya na ratsa tsakar gidanta ba ta duban ƙasa.