Yaron da Jiri Ke Kayarwa

A jikin ɗan Adam akwai wani abu kamar zaren saƙa, shi ke riƙe da fata da gaɓoɓi da jijiyoyin jini. Akan haifi waɗansu yara da zaren nan sako-sako. Likitoci biyu, Ehlers na ƙasar Denmak a 1901 da Danlos na Faransa a 1908, su suka bayyana cutar, har ta ci sunansu. Yawanci gadonta akan yi.

Irin wannan yaro yakan lanƙwasa babban yatsansa har ya taɓo sangalin hannunsa, abokansa na ta dariya. Amma wahalarsa ba nan take ba. Mai lafiya in ya miƙe tsaye, jini ya gangara ƙafafu, nan take jijiyoyi su tsuke su mai da shi bisa. To, likitoci suna ganin na yaron nan sun saki, kamar tsohuwar salka. Jinin sai ya taru ƙasa, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta, zuciya ta shiga bugawa da sauri, ido ya yi duhu, ya zube.

A Sakkwato, inda zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, abin ya fi tsanani, don zafi na buɗe jijiyoyi, gumi kuma na rage ruwan jiki. Sai a ga yaro ya faɗi a layin makaranta. Gida a ce iskoki ne, a shiga turare. Malami kuwa ya ce lalaci ne, ya ɗauko bulala, alhali yaron bai yi laifin kome ba.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana nan Gawon Nama, can ya kamata a kai shi. Awon farko ba wuya. A kwantar da shi a auna jininsa da bugun zuciyarsa, sa'an nan a tsai da shi minti 10. In ya kai shekara 12, bugun kuma ya ƙaru da 40 a minti ɗaya, likita ya sami bakin zaren.

Babu maganin da ke gyara saƙar, amma akwai sauƙi. Ya yawaita shan ruwa, ya ƙara gishiri in likita ya yarda, ya riƙa tashi sannu. In ya suma a kwantar da shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, kada a ɗura masa ruwa sai ya farfaɗo sarai.