Zuwa Gare Ki, Tsohuwar A-kori-kurar Baffa

Dattijuwa,

Sallama irin ta wanda ya daɗe yana jin nauyin haɗa ido da ke. Ko da yake wane ido ya rage miki? Fitilarki ta hagu tun ina yaro da igiyar roba aka ɗaure ta.

Ke Fijo 404 ce, kuma kin girme ni. Baffa ya saye ki tun ana bin hannun hagu a titunan ƙasar nan, sitiyarinki a dama. Da aka yi canjin hannu a watan Afrilun 1972, ƙasa duk ta koma dama, ke kika ƙi motsawa daga inda maƙeranki suka ajiye ki. Daga 1975 aka fara harhaɗa ƙannenki a Kakuri ta Kaduna, suna fitowa da sitiyari a hagu, suna wuce ki a hanyar Zariya suna ƙyalli. Kin taɓa jin kishi? Ban ga alama ba. Audugar Funtuwa da masarar kasuwar Dandume kika ci gaba da ɗauka, buhu kan buhu, har bayanki ya durƙusa.

A cikinki aka ce in koyi tuƙi. Wane mai hankali ke koya wa yaro mota a cikin irinki? Giyarki a wuyan sitiyari take, sai an lallaba ta kamar amaryar da ake sayen bakinta. Birkinki ba ya kamawa sai an taka an sake takawa. Batirinki kuwa ya daɗe da yin murabus, shi ya sa kullum a kan gangara kike kwana, da dutse a gindin taya. Kin tuna safiyar hunturu a filin Idi, yaran unguwa suna tura ki, Baffa yana ihu, "Sa ta a biyu! Saki kuloci a hankali, ɗan nan!" Ni kuma in sake shi gaba ɗaya, ki yi tsalle, ki yi tari, ki mutu. Me ya sa kike yi mini haka a gaban jama'a? Da Baffa ya karɓe ki, sai ki tashi lafiya lau, kai ka ce sharri ake yi miki.

Amma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne wuce babbar mota. Ina zaune a dama, gefen daji, tirela ta tare mini gaba, ba na ganin abin da ke tahowa. Idona yana jikin Baffa da ke zaune a hagu. Shi zai leƙa, ya yi shiru, ya yi shiru, sannan ya ce, "Tafi." In taka totur, raina da nasa suna rataye a kan kalma ɗaya. A nan na san yarda. A nan kuma na san cewa mutumin da bai taɓa yaba mini ba ya sa wuyansa a hannuna. Ke kika haɗa mu, da wannan nakasar taki da kowa ke yi wa dariya.

To, me na saka miki da shi? Bayan rasuwarsa kika zauna a gindin darbejiya, tayoyinki suka sace, kaji suka yi ƙwai a kujerar da yake zama. Duk zuwana gida sai in ce wa bakanike ya zo ya duba ki, sai in koma birni in manta. Da aka zo rabon gado, wani ya ce ƙarfe ne kawai, a kira 'yan gwangwan. Kowa ya kalle ni, don an san ni da ke. Na buɗe baki, sai na tuna ba ni da wurin ajiye ki a gidan haya, na ce, "Allah ya sa albarka."

Ki gafarce ni. Ba a yi cinikinki a matsayin mota ba, a kan sikeli aka auna ki, bayan an yanyanka ki da wuta. Ban tsaya na gani ba, kuma ba tausayi ne ya kore ni ba, kunya ce.

Motata ta yanzu ita ke sauya wa kanta giya, ƙafata ta hagu zaman banza take yi. 'Yata ta fara damuna in koya mata, ga shi ban san me zan koya mata a cikin motar da ba ta gardama ba. Kasona na kuɗinki ko taya biyu bai saya wa motar ba. Dattijuwa, da na ce a bar mini ke a bakin gadona, wa zai hana ni?