Mai Gadi Mai Kai Uku

Akwai wani ɗalibi da aka ɗora wa nauyin kula da babbar kwamfutar sashensu, wadda malamai suke ajiye takardunsu a ciki, kowa ya buɗe nasa daga ofishinsa. A cikin wannan rumbu har da tambayoyin jarrabawa da kundayen digiri da ba a kammala ba. Shi dai a ganinsa ƙofa a kulle take, tun da ya ba kowane malami lambarsa.

Ran nan sai wani abokinsa ya jona tasa kwamfutar a ɗakin karatu, ya laƙa wa kansa lambar shugaban sashe. Nan take takardun shugaban suka buɗe. Gumi ya karyo wa ɗalibin, domin ya san sakacin nasa ne. Tsarin raba fayiloli da ya girka, wato NFS, an ƙirƙiro shi ne a 1984, lokacin da kwamfutocin ma'aikata ɗaya suke amince wa juna. Idan aka bar shi haka nan, duk lambar da kwamfutar da ke cikin gida ta ambata sai ya gaskata. Tamkar mai gadi ne da zai tambayi baƙo sunansa, da ya faɗa ya ce masa bisimilla.

Maganin da ya samo shi ne Kerberos, wanda aka tsara a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980, aka fitar da siga ta biyar a 1993. Sunan na wani kare ne mai kai uku a tatsuniyoyin Girkawa, kuma aikin ma na mutum uku ne: mai nema, da rumbu, da wani amintacce da ya san su duka. Amintaccen nan shi yake tantance mai nema, ya ba shi tikiti mai wa'adin 'yan awoyi. Kalmar sirri kuwa ba ta ratsa waya ko kaɗan.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Ya kwana yana fama, ashe agogon wata kwamfuta ne ya saɓa da na rumbun, alhali Kerberos bisa al'ada ba ya yafe saɓanin da ya wuce minti 5.

Da gari ya waye wani malami ya yi ƙorafi, ya ce da can ba a tambayarsa kome. Ɗalibin ya russuna ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ɓarawon ma ba a tambayarsa."