Kwana Tara Ina Farautar Mutum

Wannan makon ni alƙalami ya faɗo wa, kuma da tona wa kaina asiri zan fara.

Shekara biyu da suka wuce na soma wani labari wanda jaruminsa yake sana'ar da Amurkawa ke kira bawunti hanta (ba hantar suya ba), wato mai farauto waɗanda suka tsere wa shari'a don a biya shi lada. Gaba ɗayansa daga fim ɗin Django Unchained na 2012 na kwaso shi, dokin kawai na musanya masa da babur. Na yi babi huɗu, labari ya cije. Jarumina ya iya harbi da ɓalle ƙofa, amma ban san abin da yake yi daga safe zuwa la'asar ba.

Sai na koma bincike. Ashe a Amurka ta yau sana'ar a kan beli take tsaye. Mu ce kotu ta yanka wa mutum belin dala 20,000 kuma ba shi da su. Zai je kamfanin beli ya biya kusan kashi 10 cikin 100, kuɗin da ba a mayarwa, kamfani ya tsaya masa. Ranar da ya ƙi zuwa kotu, kamfanin ne zai biya duka, sai fa in ya kawo shi kafin wa'adi ya cika. A nan ake kiran mafarauci. Ladansa yawanci kashi 10 zuwa 20 ne na kuɗin belin. In bai kamo kowa ba, ko sisi, man mota ma daga aljihunsa. Shi ba ɗan sanda ba ne. Wani tsohon hukunci na Kotun Ƙolin Amurka, na shari'ar Taylor da Taintor, shi ake yawan kafa hujja da shi cewa mai tsaya wa mutum yana da ikon kamo shi. Jihohi irin su Illinois da Kentucky da Oregon da Wisconsin ba su yarda da kasuwancin beli ba, kuma ikon ba ya ƙetare iyakar ƙasa. A 2003 Duane Chapman ya bi Andrew Luster har Meziko ya kama shi, hukumomin can suka kama shi shi ma.

Yawancin aikin kuwa zama ne: buga waya, bin tsofaffin adireshi, leƙa Facebook, kwana a mota ana kallon ƙofa ɗaya, lallashin uwa ko tsohuwar budurwa. Na rubuta duk wannan a littafin ajiyata, amma bai shige ni ba sai bara.

Kawuna yana da shagon walda. Wani yaronsa ya shiga rigimar waya, Kawu ya tsaya masa beli, har ya ajiye takardar filinsa. Zama biyu yaro bai je kotu ba. Aka ba Kawu wa'adi ya kawo shi. Mu nan ba kamfanin da zai ɗauko maka mafarauci, wanda ya sa hannu shi zai sa takalmi. Da yake na gama difloma ina zaman jiran aiki, ni na zama ɗan rakiya.

Kwana tara muka yi. Mun je tasha, mun je gidan kallon ƙwallo, mun bi abokansa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse bai gan shi ba. Dare uku na kwashe a bencin mai shayin da ke kallon lungunsu, ina shan shayin da ba na so don kada a tambaye ni abin da nake jira. Sauro ya ci rabonsa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ƙarya ta riƙa zuwar mini da sauƙi. Na ce wa ƙanwarsa aiki na samo masa, ta yi murna, ta ba ni sabuwar lambarsa. Har yau in na hango yarinyar nan sai na sauya hanya.

Lambar ba ta shiga ba. A ƙarshe wurin mahaifiyarsa muka koma. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Hajiya, filin nan shi kaɗai na tanadar wa 'ya'yana." Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Alhaji, in na faɗa maka, ka yi mini alkawari ba za a dake shi ba." Ta faɗi sunan ƙauyen kakarsa.

Mun same shi washegari a gindin bishiyar darbejiya yana gyara wa wani baro. Bai gudu ba. Ya ajiye guduma ya ce, "Oga, ka bari in yi sallama da Kaka." A motar dawowa ya yi barci a kafaɗata, ni kuma na riƙe gefen rigarsa har muka iso, ina jin kunyar riƙon, ina tsoron saki.

Na koma kan labarin nan a watan jiya. Na ƙwace bindigogin, na bar masa babur ɗin saboda yana buƙatarsa. Babi na farko yanzu a tsakar gidan wata tsohuwa yake buɗewa, jarumin yana durƙushe yana gaishe ta, lambar ɗanta yake nema.