Hoton Hannun Inna

Hoton farko da na taɓa sawa a Instagram na hannun Inna ne. Da la'asar sakaliya ce, cikin hunturun 2012, tana zaune kan tabarma a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, tana tsince shinkafa a faifai. Lallen da aka ƙunsa mata na bikin 'yar ƙanwarta ya fara kodewa, ya koma ruwan goro, zoben azurfarta kuma ya nutse a yatsa saboda daɗewa. Na durƙusa na saita 'yar wayar Android da ban fi wata guda da saye ba. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kai kuma me za ka yi da hoton hannun tsohuwa?" Na ce, "Inna, duniya zan nuna wa." Ta yi murmushi, ta ci gaba da fitar da tsakuwa.

A lokacin manhajar ba ta karɓar hoto sai mai kusurwa huɗu daidai wa daida, don haka dole na yanke gefen tabarmar da butar da ke kusa, ya rage hannu da faifai kawai. Na ɗora masa wata filta mai suna Earlybird, sai ya yi ja-ja kamar hoton da ya shekara talatin a ƙasan adaka. Kafin gari ya waye mutum 11 sun danna masa alamar zuciya. Duk na san su, na san gidajensu, wasu ma na san iyayensu.

Wanda bai tashi a zamaninmu ba da wuya ya gane daɗin wannan abu. Mu hoto sai da Sallah, ko suna, ko ranar gama makaranta. A yi wanka, a sa sabon ɗinki, a bi layi a shagon mai hoto, a tsaya gaban labulen da aka zana wa bene da furanni, a ƙame kamar soja. Sai fim ya cika 36 kafin a kai wanki, mu kuwa kullum muna hanya muna tambaya, "Malam, sun fito?" In sun fito a jera su a albam, a ajiye a kabad ɗin Inna, ba a ɗauko shi sai an yi baƙi. To, ga shi yau albam ya shigo aljihu, baƙin kuma ba sa bukatar sallama.

Daga baya na san asalin abin. Wasu samari biyu ne a San Francisco ta Amurka, Kevin Systrom da Mike Krieger, suka fara da wata manhaja mai suna Burbn wadda ta tara hidimomi barkatai. Da suka lura hoto kaɗai jama'a ke so a cikinta, sai suka zubar da sauran, suka fito da Instagram ranar 6 ga Oktoba 2010. Ranar farko mutum 25,000 suka shiga, kafin ƙarshen shekarar sun kai miliyan 1. Amma a kan iPhone kawai take aiki, mu kuwa a nan zamanin BlackBerry ne da 2go, ana ta musayar lambar BBM. Sai a Afrilun 2012 ta sauka a Android, ƙofa ta buɗe wa irinmu. A cikin watan ne kuma Facebook ya saye ta a kan dala biliyan 1, alhali ma'aikatanta 13 ne, masu amfani da ita wajen miliyan 30, kuma ba ta shigo da ko sisi.

Wannan lissafi ya daɗe yana ɗaure mini kai, har ranar da na kai wa Kawu abinci a shagonsa na atamfa a Kantin Kwari, na ba shi labari. Ya ajiye awon da ke hannunsa ya ce, "Me suke sayarwa a ciki?" Na ce, "Babu komai, Kawu, kyauta ne." Ya girgiza kai. "Yaro, banza ba ta kai zomo kasuwa. Dubi shagon nan. Da a lungu yake, rabin kuɗinsa ba zan biya ba. Kuɗin hanya na biya, inda ƙafa ke wucewa. Mai Facebook ɗin nan hanya ya saya. Ka zuba ido, 'yan talla na nan tafe."

Haka kuwa aka yi, sai dai ba a yi gaggawa ba. An bar hanyar ta cika tukuna. Kowa ya shiga sai ya jawo nasa, domin albam ba ya daɗi in babu mai kallo. Ni na jawo ƙannena, su suka jawo ƙawayensu. Da taurarin Kannywood irin su Ali Nuhu da Hadiza Gabon da Rahama Sadau suka buɗe shafuka, sai waɗanda hoto bai dame su ba ma suka shigo kallo. A 2013 aka ƙara bidiyo na daƙiƙa 15, aka kuma buɗe hanyar aika saƙo tsakanin mutum da mutum. A Nuwamban shekarar talla ta farko ta bayyana a Amurka, ta kamfanin kayan ƙawa na Michael Kors. Zuwa Satumban 2015 aka buɗe wa kowa a faɗin duniya, babban kamfani da ƙaramin ɗan kasuwa.

Shekarar 2016 ce na ji a jikina cewa gidan Instagram ya sake fasali. Tambarin nan na tsohuwar kyamara mai ruwan ƙasa, da ɗan bakan gizo a kusurwa, ya tafi, mai launin shuɗi da ja da rawaya ya maye gurbinsa. Da can hotuna bi da bi suke zuwa, na baya-bayan nan a sama, in ka gangara ka iske inda ka tsaya jiya sai ka ajiye waya, ka gama. Daga shekarar sai na'ura ta karɓi jeren, tana sa maka a gaba abin da ta hango zai fi riƙe ka. A Agusta aka kawo Stories, hoton da ke ɓacewa bayan awa 24, dabarar da Snapchat ta riga kowa. A Yunin 2018 masu shiga duk wata suka kai biliyan 1, bayan wata uku kuma samarin nan biyu suka bar kamfanin. A 2020, da TikTok ta janye hankalin matasa, aka fito da Reels. Duk ɗakin da aka ƙara a gidan, wurin zama ne ga mai kallo, bango ne kuma na liƙa talla. Gwargwadon daɗewarka, gwargwadon tallar da za ta wuce ta gabanka. Takardun da suka fito a wata shari'a a Amurka sun nuna cewa a 2021 kaɗai Instagram ta shigo da dala biliyan 32.4. Uwar kamfanin kuwa, da ta koma Meta a shekarar, fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗinta daga talla yake fitowa.

Ban ga cikin wannan inji da idona ba sai ta dalilin ƙanwata. Bayan rasuwar mijinta ta kama sana'ar turaren wuta da humra, tana haɗawa a ɗaki, tana zubawa a kwalabe. Wata rana da daddare ta miƙo mini wayarta ta ce, "Yaya, don Allah duba mini, an ce in na biya za a nuna wa mutane kayana." Muka zauna a kan dadduma, ƙamshin sandal da hawi ya cika ɗakin. Muka zaɓi hoton kwalabe uku a kan farin ƙyalle. Sai tambayoyi suka biyo baya: maza ko mata? Daga shekara nawa zuwa nawa? A waɗanne garuruwa? Masu sha'awar me? Muka ce mata, a Kano da Kaduna da Abuja, masu bibiyar kayan biki da kwalliya. Muka sa 'yan dubban nairori na kwana biyar.

A nan na gane abin da ake sayarwa. Duk zuciyar da na taɓa dannawa, duk bidiyon da na tsaya a kansa, duk shafin da na bi, su ne suka zama waɗannan akwatunan da muke zaɓa. Kuma wurin tallar gwanjonsa ake yi. Duk sanda wani ya buɗe manhajar, cikin ƙiftawar ido na'ura ke auna masu neman idonsa: nawa kowa ya taya, wace talla ce ya fi yiwuwa ya kula ta, wacce ta fi inganci. Wanda ya yi nasara shi ke bayyana. Ƙanwata da kwalabenta uku tana cikin gwanjo ɗaya da manyan kamfanonin duniya.

Kwana biyu tsakani saƙo ya shigo daga wata amarya a Abuja, tana son kwalba 20 na rabon biki. Ni na kai kwalin tasha na ba direba. Da ruwan ciki kan ja na rijiya. Yau da wannan sana'a take biyan kuɗin makarantar marayunta. Tun Janairun 2022 har harajin kashi 7.5 cikin 100 ake ɗorawa a kan kuɗin tallar, ya shiga asusun gwamnatin Najeriya. Wani lokaci kuma ƙanwata takan biya wata mai tarin mabiya ta yaba kayan a shafinta. Wannan kuɗi ba ya shiga aljihun kamfanin, amma shi ma yana da riba, tunda masu mabiyan su ke hana hanyar yin shiru. Daga 2023 har shuɗiyar alamar tantancewa ana iya biya mata kuɗin wata.

Ba na jin haushin kasuwar nan, ina ma zan ji, tunda na ga bakin da take ciyarwa. Kewa ce kawai. Ina kewar lokacin da abokina zai sa hoton kofin shayinsa a teburin mai shayi, ba don ya sayar da komai ba, sai don mu san ya tashi lafiya. Ina kewar hadarin farkon damina da kowa ke ɗauka daga unguwarsu, mu haɗa sararin Kano guda daga wayoyi goma. Ina kewar isa ƙarshen shafi.

Inna ta rasu shekaru huɗu da suka wuce, Allah ya jiƙanta da rahama. Daren sadakar bakwai, bayan an watse, na ɗauki waya na yi ta gangarawa a shafina, na wuce bukukuwa da tafiye-tafiye da hotunan 'ya'yana, har na kai ƙasa. Yana nan. Hannu da faifai, da lalle ruwan goro, da zukata 11. Shekara da shekaru wata kwamfuta a wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba tana ajiye mini shi, ana biya mata wuta da masu gadi, ban ba da ko kwabo ba. Sai na tuna da kwalaben ƙanwata. Ashe cikin kuɗin da ke riƙe da hannun Inna har da na turaren 'yarta.

Washegari na je shagon mai hoto na ce a wanke mini shi guda shida, ɗaya ga kowane ɗa da ta haifa. Nawa na buɗe kabad ɗinta na ɗauko tsohon albam, na zura shi a shafin ƙarshe, kusa da hotonmu na wata Sallah, muna ƙame gaban labule mai zanen bene.