Wankan Tarwaɗa a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya zauna ajin fassara ya san tafinta yana iya gyara magana, yana kuma iya ɓata ta, alhali mai maganar yana tsaye bai san abin da aka yi masa ba. To, akwai wani irin tafinta da na yi karo da shi a sana'ar ɗaukar hoto, wadda nake taɓawa lokacin hutu a garinmu Fakku, cikin ƙaramar hukumar Kebbe, domin in sami na sayen littattafai. Labarinsa nake so in ba 'yan'uwa ɗalibai, tun da yake yanzu kusan kowa ya zama mai hoto.

Ita kyamara ba ta ganin launi yadda idon mutum yake gani. Abin da take yi shi ne auna yawan hasken da ya faɗa kan miliyoyin ƙananan idanu da ke cikinta, kowane an rufa masa matacin haske, ja ko kore ko shuɗi, rabinsu kuwa kore ne, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976. Abin da ke fitowa lissafi ne zalla, shi ake kira ɗanyen hoto. Kafin lissafin nan ya zama fuskar mutum tilas a fassara shi, kuma mai wannan fassara shi ne abin da ake kira furofayil a manhajojin gyaran hoto. Ni dai na raɗa masa suna tafintan launi. Shi ya sa za ka ga hoto ras a bayan kyamara, da ka buɗe shi a kwamfuta sai ya sauya a gaban idonka: kyamara da nata tafintan ta nuna maka, manhaja kuwa ta kawo nata ba ta shawarce ka ba.

Kukana da jerin zaɓin da aka zuba tafintocin nan a ciki ne. A manhajar da nake aiki da ita sai ka buɗe wannan ka rufe wancan kafin ka kai gare shi, kamar mai neman allura a rumbun gero, ga batir yana ƙarewa, ga wurin caji sai an je kasuwa. In ka ari kyamarar wani, jerin ya canza, wanda ka saba da shi ya ɓace ba sallama. In hoton waya aka turo maka, wanda ta riga ta fassara, sai jerin ya koma guda biyu, mai launi da marar launi, babu ko layi ɗaya na bayanin dalili. Su kansu masu ƙera manhajoji sun san da matsalar, domin a 2018 kamfanin Adobe ya ɗauko nasa jerin daga can ƙasan kayan aiki ya kai shi sama, inda ido zai fara faɗawa.

Amma a matsayina na ɗalibin harshe, sunayen su suka fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ga Standard, watau na daidai. Ga Neutral, ɗan ba-ruwana. Ga Faithful, amintacce. Mai karatu, in aka jera maka tafintoci uku, aka ce wannan na daidai ne, wannan ba ruwansa, wannan kuma amintacce, wanne za ka ɗauka? Ashe sauran biyun maha'inta ne? Shi amintaccen ma, amanarsa ta tsaya ne ga wani ma'aunin haske mai kama da hasken rana, ba ga ƙwan janareta na daren biki ba. Babu suna ko ɗaya da ya gaya maka abin da zai yi wa fatar mutum, alhali Bahaushe ya daɗe da rarrabe baƙi wuluk, da baƙi mai sheƙi, da wankan tarwaɗa, da ja, da fari sol.

Na ga nauyin abin nan a bikin wata ƙanwata, ɗiyar gwaggona, wadda wankan tarwaɗa ce. Kafin in kai hotunan Tambuwal a wanke, na ɗauki kwamfuta na shiga da ita cikin gida, na nuna musu hoto ɗaya da tafintoci dabam-dabam. Na hoton fuska, Portrait, ya ɗaga haskenta ya ɗan jefa mata ja a kumatu. Ɗan ba-ruwana ya mayar da ita kamar an barbaɗa mata toka. Mai ƙara armashin launi kuwa ya sa lallen hannunta ya yi jawur, fuskar ta koma kamar manja. Da Gwaggo ta ga na farkon sai ta ja baya, ta ce, "Kai ɗan nan, wagga ba ɗiyata ba ta. Mi kay yi mata?" Amarya kuwa da ƙawayenta shi suka rungume, suna cewa, "Yaya, wannan za a wanke, don Allah." Aka yi ta ja-in-ja, har aka tsaya a kan a wanke biyu, ɗaya na ɗakin amarya, ɗaya na ɗakin uwarta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a garin da 'yan mata suka fara sayen man bilicin, ga na'ura tana yi musu shi kyauta, kuma da sunan da ba ya nuna an yi wani abu.

Abin yana da tushe. Tun shekarun 1950 masu wanke hoto a Amurka suna daidaita injunansu da wani kati na Kodak da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton Baturiya. In fatarta ta fito daidai, to an ɗauka komai ya daidaita. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta nuna a bincikenta na 2009 cewa koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda launin hajarsu ba ya fita a talla, yana cikin abin da ya sa aka gyara fim ya riƙa kama launi mai duhu. Cakulan fa, da kujera! An dai sami ci gaba daga baya, don a 2022 Google ya fara aiki da ma'aunin launin fata mai hawa 10 na Ellis Monk, malami a jami'ar Harvard.

Ni kuwa na buɗe shafi a bayan littafina na Nahawu, na rubuta wa kowane tafinta sunan Hausa gwargwadon halinsa: wannan mai toka, wannan mai bilicin, wannan na baƙin mutum a inuwar darbejiya, wannan na lokacin hazo. Rawanin ɗan Kura ne kawai ya gagare su duka. Wani ya mayar da shuninsa baƙi, wani shuɗi irin na bulla, sheƙin kuwa ya mutu. In dattijo mai irin rawanin nan ya zo hoto, sai in roƙe shi ya ɗan zauna kusa da kwamfuta, in riƙa duban kansa ina gyara launin da hannu.